Ɗakin Wasan Yara Masu Galahanga Ba Asibiti Ba Ne, Amma Ya Cancanci A Je

Maganganu biyu ake yawan ji game da ɗakunan wasan nan na cikin gini da ake shiryawa domin yara masu galahanga (wato autism) da makamantansu, kuma dukansu suna ba ni haushi. Ta farko daga bakin masu talla take fitowa: ki kawo ɗanki wata uku kawai, zai buɗe baki, zai daina kaɗa hannu, zai koma kamar sauran yara. Ta biyu kuma daga bakin dangi: "Yanzu lilon ne za a biya wa kuɗi? Shagwaɓa ce dai kawai."

Ra'ayina a taƙaice shi ne, irin wannan ɗaki wurin wasa ne, kuma wanda ya sayar da shi da sunan magani ya yaudari iyaye. Amma wasan nan haƙƙin yaron ne, yawancinsu kuwa ba su da inda za su yi shi ba tare da an zuba musu ido ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Sharaɗin shi ne a san abin da za a duba kafin a biya, domin akwai ɗakin da kyansa kyan ɗan maciji ne.

Me ke cikin ɗakin

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, babban zaure ne da aka shimfiɗe da katifu masu kauri. Akwai liluna iri-iri a rataye: mai faffaɗan katako da yaro zai zauna ko ya kwanta a kai, mai kama da buhun yadi da ke rungume jiki, da mai kama da doguwar matashiya da ake hawa kamar doki. Akwai ragar tsalle, bangon hawa, ramin yadi na rarrafe, akwatin ƙwallaye, da ƙatuwar katifa mai laushi da yaro zai faɗa wa da ƙarfinsa. Can gefe kuma akwai ƙaramin ɗaki mai duhu-duhu, ba hayaniya, inda wanda abin ya yi wa yawa zai je ya huce.

Tushen tunanin ya fito ne daga aikin Jean Ayres, wata masaniya a Kaliforniya ta Amurka, wadda tun shekarun 1960 ta yi nazarin yadda ƙwaƙwalwar wasu yara ke shan wahala wajen tantance saƙonnin da jiki ke aiko mata. Ƙaramin ɗakin hucewa kuwa asalinsa ƙasar Holan ne, inda Jan Hulsegge da Ad Verheul suka fara shirya irinsa a shekarun 1970, ana kiransa Snoezelen. Mayar da abin kasuwancin da kowa zai biya ya shiga ya fi bunƙasa ne a Amurka. Misalin da aka fi sani shi ne We Rock the Spectrum, wanda wata uwa mai ɗa mai galahanga, Dina Kimmel, ta buɗe a Tarzana wajen 2010, yanzu yana da rassa har Maleshiya da Ostareliya.

Abin da ya kamata a gane shi ne ba ji da gani da taɓawa da ɗanɗano da sansana kaɗai jiki ke aikawa ba. Akwai saƙon da ke fitowa daga can cikin kunne, shi ke gaya maka kana tsaye ko kana juyawa. Akwai kuma wanda ke fitowa daga tsoka da gaɓoɓi, shi ya sa kana iya kai loma baki a cikin duhu. Wani yaron saƙon yana zo masa da ƙarfi fiye da kima, ƙarar injin markaɗe ko ɗinkin wuyan riga ya isa ya hana shi sakat. Wani kuma saƙon ba ya isarsa, shi ne za ka ga yana ta juyi, yana tsalle daga kan kujera, yana karo da bango da gangan. Sau da yawa ma yaro ɗaya yana da duka biyun: ba ya son ƙara, amma ba ya gajiya da lilo. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka wannan a cikin alamomin da ake dubawa wajen gane galahanga. Ana kuma ganinsa a yara masu matsalar rashin natsuwa da ake kira ADHD.

"To idan ba magani ba ne, meye amfaninsa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana buƙatar a raba abu biyu. Akwai zaman da ƙwararren jami'i, mai koya wa yara gudanar da ayyukan yau da kullum, wanda a asibiti ake ce wa OT, yake yi da yaro shi kaɗai, bayan ya gwada shi, ya sa wata manufa da za a iya aunawa, kamar ya iya zama a yi masa aski ko ya riƙe cokali. Akwai kuma buɗaɗɗen wasa, inda uwa ta biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ɗanta ya yi ta ƙiriniyarsa. Kayan aikin iri ɗaya ne, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Ko na farkon ma, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana cewa hujjar da ake da ita a kan ingancinsa ba ta da yawa kuma ba ta yanke hukunci ba, ta shawarci iyaye su sa wa abin wa'adi su ga ko ana samun ci gaba. An yi wasu bincike bayan nan da suka nuna alfanu idan an bi tsarin Ayres sau da ƙafa. Amma wannan ba lasisi ba ne ga mai ɗakin wasa ya ce lilonsa yana buɗe bakin yaro. Galahanga ba zazzaɓi ba ce da ake sha wa magani ta tafi.

Amfanin da ake iya gani da ido ya fi wannan sauƙi. Yaron da ya wuni ana ce masa "sauko", "bari", "zauna" ya samu awa ɗaya da ba wanda zai hana shi tsalle. Jikinsa ya motsa, ƙarfinsa ya samu inda za shi. Wanda ke tsoron ɗaga ƙafa daga ƙasa ya gwada a hankali a kan katifa, inda faɗuwa ba ciwo. Ya koyi jiran layi a wurin da yara ba su wuce goma ba. Iyaye kuma su gano me ke kwantar wa ɗansu hankali, su koma gida su kwaikwaya.

Sai kuma uwar. Duk wanda ya taɓa ganin yaro mai galahanga ya birkice a gidan biki ko a layin asibiti ya san inda idanu ke komawa. Wata ta ce rashin tarbiyya ne, wata ta raɗa cewa a kai shi wurin mai ruƙiyya, wata ta janye nata 'ya'yan. Sannu a hankali sai a daina fita da shi, ya zama ɗan cikin ɗaki. A ɗakin wasa mai kyau, idan yaro ya kwanta ƙasa yana ihu, abin da ma'aikaciya za ta ce shi ne, "Hajiya, ki bar shi, ba komai," ta rage fitila ta matsar da sauran yara. Wanda bai ɗauki wannan a bakin komai ba, bai san halin da matan nan ke ciki ba.

Kafin a je

A fara da waya. A tambayi wane lokaci ne ya fi ƙarancin mutane, kuma yara nawa suke bari a ciki lokaci guda. Idan amsar ita ce "ko nawa suka zo", a nemi wani wurin. A tambaya ko akwai ɗakin hucewa, ko ana kunna kiɗa, da wane horo ma'aikatan suka samu. A roƙi hotunan ƙofar shiga da na cikin zauren, a nuna wa yaron kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin baƙon wuri shi kansa tashin hankali ne gare shi.

A ba shi abinci kamar awa ɗaya kafin a shiga. Da yunwa zai yi saurin fushi, da cikakken ciki kuma lilo zai sa shi amai. A tafi da safa mai ɗan roba a tafin, domin yawancin wuraren ba sa barin takalmi. Idan ba ya jure safa a faɗa tun a waya. A ɗauki kayan canji, ruwa, ɗan abin taɓawa da ya saba da shi, da abin toshe kunne idan yana amfani da shi. Riga mai igiya a wuya, sarƙa, ko dogon hijabi mai yawo a jikin yarinya duk suna iya maƙalewa a lilo, a samo ɗan ƙarami mai kama jiki.

Zuwan farko kada ya wuce minti 30 zuwa 45, ko da kuwa an biya kuɗin awa biyu. Nan ne iyaye suka fi kuskure. Ana son kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai a ja yaro daga wannan abu zuwa wancan har sai ya gaji ya birkice, gobe kuma ko sunan wurin ba ya son ji. Idan ya tsaya a bakin ƙofa minti goma yana kallo, a bar shi. Idan abu ɗaya ya liƙe wa tun shigarsa har fitarsa, ranar ba ta tafi a banza ba.

Fita ta fi shiga wuya. A sanar da shi saura minti goma, sannan saura biyar, da agogon da yake gani ko da hoto idan ba ya fahimtar magana sosai. Mintunan ƙarshe a bar tsalle da juyi, a koma abu mai nauyi da natsuwa, kamar tura babbar matashiya ko kwanciya a lilon yadi ana kaɗa shi sannu. Sannan a riga an shirya abin da ke biye, a faɗa masa: mota, sai gida, sai wanka.

Inda abin ke ɓaci

Lilo shi ne ya fi komai amfani a ɗakin, shi ne kuma ya fi buƙatar ido. Kaɗawa gaba da baya a hankali yakan kwantar da jiki. Juyi kamar katantanwa kuwa tayar da shi yake yi, kuma yaron da saƙon bai isarsa ba ba zai ce ya isa ba. A lura da fuskarsa: idan ta canza launi, gumi ya keto, yana ta hamma, ko dariyar ta koma wata iri marar tsayawa, a sauke shi. A riƙa juyawa kaɗan zuwa dama, a tsaya, sannan kaɗan zuwa hagu. Tasirin yakan iya jinkiri, sai da dare a ga yaro ya kasa barci ba a san dalili ba. Kada kuma a ɗora wanda yake turjewa da ƙarfi da sunan "zai saba". Ba zai saba ba, tsoron ne zai ƙaru.

A ɗaga kai a dubi inda aka rataye lilon. Ya kamata ƙugiyar ta kama kankare ko ƙarfen da aka gina domin haka, ba silin ba. A bar fili kusan mita 2 ta kowane gefe, ba bango ba ginshiƙi, ƙasan kuma da katifa mai kauri wadda ba ta zamewa.

Ragar tsalle mutum ɗaya take ɗauka. Kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan da ake samu a kanta suna faruwa ne idan yara fiye da ɗaya suka hau tare, kuma ƙaramin ne ke kwana a ciki. Yaro mai lalurar Down kuwa a tuntuɓi likitansa tukuna, domin wasunsu suna da sakakken haɗi a ƙashin wuya na sama, tsalle da alkafura suna iya yi musu mummunan lahani.

Fitilu masu walƙiya suna burge iyaye a hoto, amma farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yara masu galahanga fiye da sauran yara, kuma akwai nau'inta da walƙiyar haske ke tayarwa. Duk wanda farfaɗiya ta taɓa kayar da ɗansa ya faɗa a bakin ƙofa, a kashe su.

Bargo mai nauyi ba abin wasa ba ne. Abin da aka saba faɗa shi ne kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, kada ya rufe kai, kuma yaron ya iya yaye shi da kansa. A 2008 wani yaro mai galahanga ɗan shekara 9 ya rasu a wata makaranta a Kebek ta Kanada bayan an naɗe shi a cikin irin wannan bargo. A Disamba 2022 kuma an janye barguna fiye da 200,000 daga kasuwa a Amurka bayan rasuwar wasu yara biyu da suka shige cikin rigar bargon suka kasa fitowa.

Akwatin ƙwallaye matattarar datti ce idan ba a kula ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan akwatuna shida a asibitocin gashin ƙashi na jihar Jojiya ta Amurka ya samu ƙwayoyin bakteriya iri 31 a jikin ƙwallayen. Yaran nan da yawa suna kai komai baki. A tambaya yaushe aka wanke na ƙarshe, a kuma sa hannu har ƙasan akwatin a ji.

Ƙofa ita ce abin da ba zan yi sassauci a kai ba. Wani bincike na 2012 a Amurka ya nuna kusan rabin yara masu galahanga sun taɓa yunƙurin sulalewa su bar inda ake kula da su bayan sun wuce shekara huɗu. Wurin da ƙofarsa ɗaya ce kuma tana buɗewa kai tsaye zuwa titi ko wurin ajiye motoci bai shirya ba. Ana buƙatar ƙofa biyu a jere, sakatar ta ciki ta fi ƙarfin hannun yaro, da mutum a zaune a wurin. Duk da haka ma'aikata ba masu raino ba ne. Uba ko uwa su ajiye waya su zauna kusa.

"Ware su ne kuke yi"

Wasu suna ganin keɓe musu wuri yana ƙara nuna su da yatsa. Da ana rufe ƙofa a ce sai masu takardar likita kaɗai, da na yarda. Amma wurare masu kyau kowa suke karɓa, ƙanne da yayye da 'ya'yan maƙwabta, sai dai dokar gidan an yi ta ne daidai da wanda ya fi rauni: ba kiɗa mai ƙarfi, ba cunkoso. A can ne ma ƙanin yaron zai ga yayansa ya fi kowa iya hawa bango, maimakon kullum ya san shi a matsayin wanda ke sa a bar biki da wuri.

Masu cewa duniya ba za ta rage masa murya ba, gara ya saba tun yanzu, suna da rabin gaskiya. Zai shiga kasuwa, zai hau a-daidaita-sahu. Amma ba a koya wa mutum jure abu lokacin da yake cikin firgici. Ana farawa ne daga inda yake iya ɗauka, a ƙara kaɗan-kaɗan.

Maganar kuɗi

Wannan ita ce sukar da ta fi nauyi. A Najeriya irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa, galibi a cikin cibiyoyi masu zaman kansu suke a manyan birane kamar Legas da Abuja, kuma iyalin da ke fama da kuɗin makaranta da na mai koyar da magana ba lallai su iya ƙara wannan ba. Idan zaɓi ne tsakanin biyun, a biya ƙwararren. Wasan ana iya haɗa mafi yawansa a gida.

Hasali ma gidan gargajiya yana da abubuwan nan tun da can. Goyo matsi ne da kaɗawa a lokaci guda. Lilon taya a reshen darbejiya mai ƙwari yana yin aikin lilon kanti, in dai igiyar sabuwa ce kuma ƙasan yashi ne. Ɗaukar ƙaramin bokitin ruwa, tura baro, daka da ƙaramar taɓarya, duk aiki ne mai nauyi da ke gamsar da tsoka. Tsohuwar katifa biyu a kan juna ta isa wurin faɗawa. Roba cike da wake ko shinkafa ta isa wasan hannu, sai dai ban da yaron da ke cusa abu a hanci ko baki. Ƙaton kwali da matashiya a ciki ya zama ɗakin hucewa. Matsalar ita ce mai haya a ɗaki ciki da falo a bene na biyu ba shi da bishiya ba shi da tsakar gida, kuma irinsa kullum ƙaruwa suke yi.

Wanda ke shirin buɗe irin wannan wuri a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya fara tunanin zafi da ƙara kafin fenti. Katifar leda a watan Afrilu ba na'urar sanyaya ɗaki azaba ce. Janareta a jikin bangon ɗakin hucewa ya rushe manufar ɗakin gaba ɗaya. A kai shi nesa ko a sa sola. Doguwar fitila mai ƙyafta ido da ɗan kuka a cire ta. Kuɗin da za a kashe a fitilun ado a ba ma'aikata horo da shi.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairu 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, amma idan ana maganarta hankali ya fi tafiya ga hanyar keken guragu. Yaron da ƙara ke kora daga wuri shi ma an hana shi shiga. Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi: tun 2018 kantunan Morrisons na Birtaniya suka ware ƙarfe 9 zuwa 10 na safiyar Asabar suna kashe kiɗa da sanarwar lasifika, suna rage haske. Wuraren wasan yara na manyan kantunanmu za su iya yin haka da safiyar Asabar ko Lahadi, lokacin da dama ba ciniki suke yi ba: a kashe kiɗa da injinan da ke walƙiya, a tsayar da yawan yara a goma ko sha biyu, a sa mutum ɗaya a ƙofa, a kuma rubuta lokacin a allo domin iyaye su san da shi.